Takardar Baffa Ado Mai Ruwan Ɗorawa

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, a tsakiyar damina, cikin dogon hutun shekarar da zan shiga aji shida na firamare. An kwana ana yayyafi, tsakar gidanmu ta yi santsi, ni kuwa na ɗauko ƙoƙon kunun kanwa zan kai wa kakana zaure, ina dafa bango da hannu ɗaya. Ban kai ga ƙofar ba na ji ya yi salati da wata irin murya da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ƙasa-ƙasa, kamar wanda aka kawo wa saƙon rasuwa. Na leƙa. Yana zaune a kan buzunsa, littafin mahaifinsa a buɗe bisa cinyarsa, ya kusanto da wani shafi har ya kusa taɓa hancinsa. A tsakiyar shafin, a kan rubutun, wata 'yar takarda ce mai ruwan ɗorawa, wadda ba ta kai tafin hannuna ba, ta kwanta luf. Ya kama gefenta da yatsu biyu ya ɗan ɗaga, sai shafin ya biyo ta. Ya sake ta da sauri kamar ya taɓa garwashi. "An liƙe mini hannun Baba," in ji shi, bai san akwai mai jinsa ba. Kunun ya zubo mini a yatsu ban ma ji zafinsa ba, domin na san takardar, na kuma san wanda ya sa ta.

Kakana, wanda kowa ke kira Malam har da 'ya'yan cikinsa, manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu da ke arewa da Minjibir, sai dai shi ke jan salla a masallacin unguwa. Littafin kuwa waƙoƙin wa'azi ne na ajami da mahaifinsa ya tsara, ya kuma rubuta da hannunsa tun Malam yana goye. Ba a ɗinke yake ba, shafi-shafi ne a tsakanin kwalaye biyu masu rufin fata, cikin wata gafaka da tsufa ya mayar baƙa. Takardar littafin ta yi launin ƙasa, gefunanta sun yi laushi kamar tsohon zane. Baƙaƙen an yi su da tawadar gabaruwa, wasulan kuma da ja. Babu wani kwafinsa a ko'ina. Ba a taɓa shi sai da alwala, kuma idan Malam zai yi alamar inda ya tsaya, gashin zabo guda yake sakawa. A lokacin idanunsa sun fara yana, ba ya ganin abu sai ya kai shi kusa, don haka yakan sa wani ya karanta masa bayan la'asar, shi kuma yana bi da ka yana gyara. Ni ban taɓa karanta masa ba, duk da na iya ajami tun a makarantar allon cikin gida. Kunya ce da ni mai yawa. Idan babba ya yi mini tambaya, amsar takan fito ƙasa-ƙasa, har Inna, kakata, takan ce, "Ke dai Hajara, sai an kafa miki kunne kamar mai sauraron ɗan tsako a cikin ƙwai."

Shekarun nan su ne waɗanda manya ke kira na tsuke bakin aljihu. Takin zamani ya zama sai labari, muka koma tara kashin awaki da tokar murhu, jaki ya kai gona a mangala. Gonakinmu kuwa a matse suke, wannan na jingine da waccan, ba abin da ya raba su sai siririn layin gamba, don haka kowace taki ta ƙasa ana sane da ita. Kananzir ya yi wuya, aka fito da aci-balbal daga inda aka manta da ita. Mu 'yan mata, in mun gama surfe da ɗiban ruwa, sai mu bi gefen gonaki muna tsinkar tafasa da rama, a yi kwaɗo da ƙuliƙuli a ci da rana, mu dawo zannuwanmu cike da ƙarangiya, mu zauna gindin darbejiya muna cirewa muna carafke. A makaranta littafin rubutu ya fi ƙarfin yawancinmu. Baba yakan samo takardar buhun siminti ya kakkaɓe ya yanka daidai, Umma ta ɗinke tsakiyar da zare, ni kuma in ja layuka da fensir ɗaya bayan ɗaya, in ba su miƙe ba in goge in sake. Cikin wannan hali ne Baffa Ado, ƙanin Baba, ya dawo gida. Akawu ne a wata masaƙa a Kano, aka wayi gari aka rufe ta. Ya sauka daga motar kasuwa da akwatin ƙarfe da rediyon da babu batir. Malam dama bai so tafiyarsa birni ba tun farko. Bai ce masa komai mai zafi ba da ya dawo, amma bai ce masa komai mai sanyi ba, kuma a gidanmu wannan ya fi faɗa ciwo. Baffa ya ɗauki fartanya har tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, ya riƙa neman duk wata hidima da zai yi wa mahaifinsa, ciki har da karatun bayan la'asar.

A cikin akwatin nasa akwai wani ɗan dunƙulen takardu masu ruwan ɗorawa, ragowar teburinsa na ofis. Ya raba shi biyu ya miƙo mini rabi, ya ce, "Ungo, Malama. Ke ce za ki san darajarta. A ofis in manaja ba ya nan, sai ka rubuta saƙo ka manna masa a tebur. Ya karanta ya cire, tebur bai san an yi ba." Ban yarda ba sai da na gani. Mu duk abin liƙi da muka sani, in ya kama ya kama ke nan. Mun san ƙaro da muke ɓamɓarowa a jikin itace mu jiƙa a murfin kwalba, mun san lomar tuwo da muke shafa wa yagaggen shafi, mun san sitacin rogo, mun san danƙon da yara maza ke shafa wa reshe su kama tsuntsu, da sholishon mai facin keke. Kowannensu da ruwa-ruwa yake zuwa, ya shiga jikin abu, ya bushe a can. In ka ce sai ka raba, to ɗaya daga cikin biyun zai bar fatarsa a jikin ɗayan. Maganin ƙaro da tuwo da sitaci ɗaya ne, kowa ya sani: ruwan ɗumi. Da shi ake cire kan sarki daga ambulan, da shi ake wanke takardar jikin gwangwani.

Wannan takarda kuwa ba ta bi ko ɗaya daga cikin dokokin nan ba, abin ya hana ni sukuni. Ba duk bayanta ke da gam ba, wani siririn layi ne kawai a sama, faɗin ɗan yatsa, kuma in ka taɓa shi ba jiƙe yake ba, ba kuma bushe yake ba. Ba ya bukatar yawu, ba ya bukatar jira, dannawa kawai yake so. Na ɓoye rabona a cikin gwangwanin madara, na riƙa fito da ɗaya-ɗaya ina gwadawa a bayan rumbu inda ba mai ganina. Na gane tana son abu mai sulɓi: murfin kwanon sha, madubin Umma, kwalbar fitila in ta huce. Bangon ƙasa kuwa ba ta zama, sai ta faɗo da ƙura a bayanta, kuma duk wadda ta sha ƙura ko garin gero, layin nan ya yi furfura, ta gama aiki. Na taɓa wanke wata da ruwa ina fatan ta farfaɗo, takardar ta narke ta zama kamar dusa, gam ɗin kuwa yana nan daram, ruwa bai ce masa komai ba. Na manna wata a tsohuwar jaridar da aka ƙunso ƙosai, na fizge ta sama da sauri, sai ta taho da baƙin rubutu da ɗan gashin takarda. Na sake manna wata, na lanƙwasa ta baya a kan kanta, na ja ta a kwance a hankali, ta fita ba ta ɗauko komai ba. Na kuma lura cewa wadda ta daɗe a matse, ko ta sha zafin rana, ta fi riƙo. Ba wanda na faɗa wa. Amma na ci moriyarta. Littafin karatunmu guda ne ga duk 'yan benci, malaminmu ya hana a lanƙwasa shafi, sai na riƙa yin alama da ita. Nakan rubuta kalmomi masu wuya da fensir in manna a murfin kwano ina kallo ina surfe, in na haddace in goge in rubuta wasu. Har kwalaben maganin Inna biyu da take rikitawa na sa musu, ɗaya na zana rana, ɗaya na zana wata. Inna ce ta raɗa mata suna, 'yar ɗorawa.

Kwanaki kaɗan kafin ranar da nake ba da labari, Baffa yana karanta wa Malam bayan la'asar sai hadari ya taso daga gabas babu sallama. Iska ta shigo zaure ta yi gaba da gashin zabon. Mata na kiran a kwashe shanya, awaki na kuka a turke, Malam ya miƙe ya nufi masallaci ya rufe tagogi. Ni na zo ɗaukar kwano, na ga Baffa ya danne shafukan da gwiwar hannu, ya laluba aljihun gaban rigarsa ya zaro 'yar ɗorawa, ya manna daidai inda suka tsaya, ya haɗa littafin ya ɗaure igiyar gafakar tamau don kada iska ta taɓa shi. Gata ya yi wa littafin a ganinsa, ni ma a lokacin haka na gani. Washegari da sassafe ya bi mota zuwa Kano, an ce masa ana ɗaukar ma'aikata a wani kamfani. Aikin maimai ya taso, ba wanda ya sami sararin karatu, littafin ya zauna a ɗaure a cikin soron Malam, wanda da rana yake ɗaukar zafi kamar tanda. Mutum ɗaya da ya san yadda ake cire takardar a cikin manya ba ya gari.

Salatin Malam ya fito da Inna daga madafi. Ba a jima ba Baba ya dawo daga gona shan kunu, ƙafafunsa duk taɓo, ya tarar da su sun yi cirko-cirko a kan shafi guda. Ƙasan takardar yana ɗaguwa, ana ganin rubutun da ke ƙarƙashinsa lafiya lau, amma layin gam ɗin ya kwanta a kan baiti ɗaya cur, daga farkonsa har kusan ƙarshe. "Abin da birni ya koya masa ke nan," in ji Malam. "Ya yi ta liƙe-liƙe a ofishinsu har aka rufe, yanzu ya zo kan nawa." Inna ta ce, "Haba Malam, yaron nan fa ba da gangan ya yi ba." Baba, wanda bai taɓa ganin matsalar da ba ta da magani ba, ya tsuguna ya duba ya ce ai abin mai sauƙi ne, gam dai gam ne, a kawo ruwan ɗumi da gashin kaza a riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan har ya saki. Malam ya girgiza kai. Ya laluba can baya ya zaro wani shafi da ɗigar rufi ta taɓa samu tun kafin a haifi Baba, inda wasulan ja suka narke suka zama gajimare, baƙaƙen suka yi inuwa. "Jan nan ba ya shiri da ruwa," ya ce. Baba ya ce to ko reza, a kankare a hankali. Inna ta ce in an kankare takardar ai har da rubutun za a kankare, ba gara a bar ta a haka ba, tunda dai Malam ya haddace waƙar? Malam ya shafa gefen shafin da yatsa. Sannan ya ce, "Baitin yana kaina. Hannunsa ne ba ni da wani." Daga ƙarshe dai, da yake ba wata dabarar, ya yarda da ruwan, da sharaɗin a yi kaɗan. Baba ya waiwayo ya gan ni a bakin ƙofa, ya ce in ajiye kunun in kawo ruwan ɗumi a buta.

Na je na ɗebo ruwan a tukunyar da ke kan murhu, na tsinci gashin kaza a bakin akurki, na dawo. Na san abin da zai faru in aka ɗiga ruwan nan, na gani da idona a bayan rumbu: ruwan zai ratsa 'yar ɗorawa ya sauka a kan ja, jan ya narke, gam ɗin kuma ya zauna inda yake. Baba ya miƙo hannu, ni kuwa na ƙanƙame butar a ƙirjina. Na ce, "Baba, ruwa ba ya cire ta." Ba wanda ya ji. Inna ce ta ga leɓena yana motsi ta ce, "Ku tsaya, ɗan tsakon yana magana." Na maimaita, wannan karon har muryata ta ba ni tsoro. Na ce na taɓa gwadawa, na ce ba irin ƙaro ba ce, ba ta shiga cikin takarda, a sama kawai take zaune, kuma da hannu ake cire ta in an bi ta a hankali. Baba ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Ke kin san abin da kike faɗa kuwa? Wannan fa ba littafin buhun siminti ba ne." Na ce a gwada a kan wani abu tukuna. Malam, wanda har lokacin bai ɗago ba, ya ce da Inna ta ɗauko masa tsohuwar takardar da yake gwada alƙalami a kanta, tana cikin jakar da ke rataye. Takarda ce mai shekaru, cike da zane-zanen baƙi da ja. Na ruga na ɗauko gwangwanina, na manna guda biyu a kanta, na danna da babban yatsa iyakar ƙarfina, har na murza da gindin cokali don su kama kamar wadda ta kwana a ɗaure. Baba ya riga ni. Ya kama ta farko ya fizge sama kamar mai cire ciyawa, sai ga ɗigon ja biyu da ɗan gashin takarda a bayanta. Inna ta ce, "Wayyo!" Malam bai ga abin da ya faru ba, amma ya ji, na ga kafaɗunsa sun sauka. Na ce, "Ba haka ake yi ba, Baba." Ban san inda na samo ƙarfin faɗar haka ga mahaifina ba. Na tsuguna na lanƙwasa ta biyu a kan kanta, na ja ta a kwance, sannu-sannu, har ta fita. Na miƙa wa Baba. Ya juya ta ya kai bakin ƙofa wajen haske, ya duba ya sake dubawa, ya ce, "Malam, babu komai a jikinta."

Sannan Malam ya ce, "Hajara, je ki yi alwala." Da ruwan butar nan na yi. Na goge hannuwana da mayafin Inna, na sake gogewa, na hura tsakanin yatsuna, domin ko laimar yatsa ina tsoro. Malam ya shimfiɗa shafin a kan kwalin littafin ya ajiye a gabana bisa buzu, inda ban taɓa zama ba. Warin tsohuwar fata da tawada ya bugi hancina. Na sa gefen mayafin na danne shafin da hannun hagu, na lanƙwasa 'yar ɗorawa da na dama, na fara ja. Ta fi waɗanda na saba riƙo, kamar yadda na zata. Harafi na farko ya leƙo, baƙi ƙirin, da jansa a sama. Na biyu ya biyo. Ina jin numfashin Baba a bayan wuyana, Inna na ta jan carbi da ƙarfi. Wajen tsakiya akwai inda takardar ta sirance, inda yatsan masu karatu ya daɗe yana bi, sai na ga fuskar shafin ta fara ɗagowa tare da gam ɗin, kamar yanar madara. Na tsaya cak. Na mayar da ita kaɗan, na saki wannan gefen, na koma ɗaya gefen na faro daga can, ina ja kamar ba na ja, har ɓangarorin biyu suka haɗu a wurin nan mai rauni, ya saki da kansa. Takardar ta rage a yatsuna, ba nauyi, ba komai. Na juya bayanta. Ba baƙi, ba ja.

Malam ya ɗauki shafin ya kai kusa da idonsa, ya bi layin da kallo, amma na san bai gamsu da ganinsa ba. Ya miƙo mini ya ce, "Karanta mini." Na karanta. Baitin gargaɗi ne ga manomin da ke matsar da gambar iyaka ya ci taki guda daga gonar maƙwabcinsa, da irin nauyin ƙasar da zai ɗauka ranar hisabi. Ban rasa wasali ko ɗaya ba, domin duk suna nan. Malam ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya shafa fuskarsa da hannu biyu ya daɗe bai sauke ba. Inna ta share ido da gefen zane ta ce, "To wannan baitin ai da an aika an kira Tanko ya ji," tana nufin maƙwabcin gonarmu da gambarsa ke tafiya kowace damina. Baba ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa, Malam ma ya kasa riƙe tasa. Ragowar ruwan butar Baba ya wanke ƙafafunsa da shi. Kunun ya riga ya huce, ya yi yana, Malam ya shanye shi a haka ya ce bai taɓa shan mai daɗinsa ba.

Baffa Ado ya dawo bayan 'yan kwanaki, ba a ɗauke shi aikin ba. Tun a bakin rijiya aka ba shi labari, har da maganar da Malam ya yi kan ofishinsu. Bai bi ta zaure ba, ya zagaya ta ƙofar awaki ya shige ɗakinsa. Malam yana da al'ada, in ya ci tuwon dare yakan rage, ya aika wa wanda ya ga dama a cikin gida, galibi mu jikoki, kuma kowa ya san ragowar Malam alamar yarda ce. Ran nan bayan magariba ya kira ni, ya rufe kwanon, ya cire hularsa ya zaro wani abu daga ninkinta. 'Yar ɗorawar nan ce, ashe ya adana ta. Ya laluba layin gam ɗin, ya ɗora a kan murfin, ya danna da babban yatsa kamar yadda ya ji na yi. "Kai wa Ado," ya ce. "Ki ce masa gobe bayan la'asar ina jiransa, mun tsaya a tsakiyar waƙa. Amma ya nemo mini gashin zabona." Na sami Baffa zaune a bakin gado ya haɗa kai da gwiwa. Na ajiye kwanon na isar da saƙon. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya cire ta a hankali, ya manna a jikin rediyonsa mara batir, ya yi wata dariya da ta fi kama da kuka. "Malama," ya ce, "ashe dai ke ce kika san darajarta."

Sai da na kai sakandare, a ajin kimiyya, na sami bayanin abin da yatsuna suka riga suka sani. Gam ɗin ba shimfiɗa ɗaya ba ne. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu laushin roba, ido ba ya ganinsu, an warwatsa su a bayan takardar kamar an watsa gero a faifai. Ba sa bushewa, ba sa narkewa a ruwa, ba sa kutsawa cikin abin da suka taɓa. Kowace ƙwaya da ɗan samanta kawai take riƙe, tsakaninsu kuma fili ne, shi ya sa riƙon yake da yawa amma ba shi da zurfi. In an danna, sai su ɗan baje su ƙara kamawa, in zafi da matsi suka daɗe a kansu su ƙara bajewa, abin da ya faru ke nan a cikin gafakar Malam. In an ja a kwance a hankali, ɗaya bayan ɗaya suke saki, in an fizga kuwa gaba ɗaya ake jansu, sai su taho da abin da suka samu. Ina zaune a ajin na tuna ƙarangiya a zanena, yadda take kamawa da ƙananan ƙayoyi masu yawa, mai haƙuri ya cire ta zane bai yage ba. Daga baya kuma na ji cewa masu adana tsofaffin littattafai ba sa yarda a kusanto da irin wannan takarda ga rubutun hannu ko kaɗan, domin in ta shekara a kai takan bar tabo. Allah ne ya sa kwanaki kawai ta yi.

Yanzu ina koyarwa a wajen Ungogo, a unguwar da gidajen bulo suka cinye gonaki, ba gamba ba iyaka sai katanga. 'Yar ɗorawa ta zama abin banza, har da mai ruwan hoda da koriya ake sayarwa a kowane shago. 'Ya'yana suna manna ta a jikin firij su rubuta a sayo burodi, da yamma su dunƙule su jefar. Danginta sun cika gari: tef ɗin da mai fenti ke bi da gefen taga ya cire in ya gama, ledar da ke zuwa a fuskar sabuwar waya, alamomin da ɗalibaina ke jerawa a gefen littafi kamar tutoci. Malam da Inna sun daɗe da rasuwa. Baffa Ado bai sake komawa birni ba, shi ke jan salla a masallacin unguwa yanzu, gafakar kuma tana hannunsa, da gashin zabo a ciki. Duk lokacin da na je gida yakan buɗe mini shafin nan, mu duba baitin tare, baƙinsa da jansa, babu abin da ya nuna an taɓa ɗora masa wani abu. Nakan yi kewar lokacin da ɗan dunƙulen takarda guda ya ishe ni abin mamaki na damina ɗungum. Har yau in zan cire ɗaya, ko a jikin firij ne, sai na ji na riƙe numfashina.